Ɗaya ga Watan Ɗaya

Sallama gare ku, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min shafi guda tana koya min haƙuri. Na gode, 'yar uwa. Ki sa min shi a firji, zan nema. Yau a fusace na zo, kuma ku gyara zama, don har yanzu ban gama tantance da wa nake fushin ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Jamila. A Koki aka haife ni, a nan nake, gidan kakanmu mai soraye uku, wanda ko da tsakar rana ka shigo sai ka kunna fitilar waya. Shekarata ashirin da bakwai, wato arba'in da biyu a lissafin Gwaggo 'Yardada, ƙanwar mahaifina. Aikina rubuta manhajar kwamfuta a wani ɗan kamfani da ke saman bene a Ƙofar Na'isa. In baƙi suka tambayi Umma aikina, cewa take, "Danne-danne take yi."

Mai nemana kuwa Abdulmalik Lawal ne, malamin lissafi a sakandare. Mutum ne mai sanyin murya, shaddarsa biyu ce amma kullum kamar yanzu aka karɓo daga wajen bugu. Laifinsa ɗaya. Mahaifinsa daga wani ƙauyen Sumaila ya shigo birni, ya shekara talatin yana dako a Kasuwar Kurmi har ya karantar da 'ya'yansa. Mu kuma 'yan cikin gari ne. Ba mu ajiye komai ba sai asali da rufin da ke yoyo, amma asalin nan mun riƙe shi da hannu biyu.

Baffa Ilu, yayan Abba, shi ne waliyyina tun da Abba ya rasu. Bai taɓa cewa ba ya son Abdulmalik ba. Abin da yake cewa shi ne, "Yaron ba laifi," da irin muryar da ake yabon miyar maƙociya.

Sai aka zo kan gwajin jini kafin a sa rana. A gidanmu wannan ba wasa ba ne. Ni AS ce. Umma AS, Abba ma haka, a zamanin da ba wanda ke gwada kowa. Ƙanena Yusuf ya zo da sikila, ya shekara tara yana kwanciya yana tashi, ina 'yar shekara goma sha biyu ya rasu a cinyar Umma. Don haka ni AA kaɗai zan iya aura, kuma tun zance na biyu na faɗa wa Abdulmalik. Ya ce shi AA ne, sau biyu yana gwadawa.

Ni ce na zaɓar masa leb ɗin da zai je. Wani ɗan wurin gwaji ne a bayan Ƙofar Ɗan Agundi, kuma kamfaninmu ne ya haɗa musu manhajar da ke ajiye sakamako tana bugawa. Nuna isa ne kawai ya kai ni. Ina so ya riƙe takarda a hannunsa ya ga aikina. Ranar Alhamis ya je aka ɗebi jini, ranar Asabar ya karɓo ambulan a liƙe, bai ko buɗe ba ya kawo wa Baffa da hannu biyu.

Ranar Lahadi da hantsi aka taru a falon Umma. An turara ɗakin, an ɗage labule. Gwaggo ta zo cikin leshi ruwan goro da ɗauri mai hawa biyu, kamar mai zuwa kamu. Ni ina bakin kujera da hijabin salla. Baffa ya zaro tabarau, ya goge da bakin babbar riga, ya farke ambulan da mukullin babur.

Tun daga nesa na gane takardar. Shuɗin layin nan na sama ni na zaɓi launinsa. Akwatin da sakamako ke fitowa a ciki, kwana biyu na yi ina daidaita shi.

"A da S," in ji Baffa. Ya cire tabarau a hankali. "Innalillahi. Allah bai yi ba ke nan."

Ku yarda da ni, jama'a, ban taɓa jin an ja innalillahi cikin nishaɗi irin na ranar ba.

Gwaggo ta tafa hannu. "Ai dama! Ni tun ranar da na ga tafiyar yaron nan na ce akwai wani abu a jininsa. Ba ku lura da idonsa ba? Ga wata rama a wuya."

Mai AS ba ya da wata alama. Ni ma AS ce, shekara ashirin da bakwai tana kallon tafiyata ba ta ga komai ba sai rashin miji. Umma kuwa ta riga ta sa gefen mayafi a fuska. Na san ba Abdulmalik take yi wa kuka ba.

"Ya san da shi," Gwaggo ta ci gaba. "Irin su haka suke. In dai za su sa ƙafa a gidan mutunci, ko rantsuwa da Alƙur'ani yi za su yi."

Na tashi na shige ɗaki na ɗauki waya. Ga abin da ya gudana, ban goge ko harafi ba.

Ni: Ka ce min kai AA ne.

Shi: AA ne ni. Me ya faru?

Ni: Takarda na gabana. AS.

Shi: To an yi kuskure. Na gwada a jami'a, na sake lokacin bautar ƙasa. Ki ba ni kwana biyu in nemo tsohuwar takardar a ƙauye.

Ni: Manhajar nan ni na rubuta ta. Ba ta kuskure.

Shi: Jamila, tsaya ki ji.

Ni: A soronmu ka zauna na ba ka labarin Yusuf ina kuka. Ka kalle ni ka yi min ƙarya. Dama an faɗa min, irin ku in dai za ku sa ƙafa a gidan mutunci ba abin da ba za ku yi ba.

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallo. Can sai ga kalma ɗaya.

Shi: To.

Kun ga "irin ku" ɗin nan? Minti biyar kafin nan da na ji ta a bakin Gwaggo, sai da na ji ƙyamarta. Ban san lokacin da ta bi ta kunnena ta sauko yatsuna ba.

Litinin na tafi ofis da kumburarren ido, na ce mura ce. Mu huɗu ne a ofishin, sai janareta da ya fi mu duka yawan magana. Ko jaka ban ajiye ba Oga, mai kamfanin, ya miƙo min waya, Malama Zainab ce, mai karɓar mutane a leb ɗin nan.

"Injiniya, abin nan naku ya fara taɓuwa. Wani dattijo ya zo karɓar sakamakon sikari, na buga, sai ta fito masa da taifod. Ya ce shi bai yi gwajin taifod ba, har ya fara jin zazzaɓi a tsaye."

Na ce zan duba.

Yanzu za ku ce, ke Jamila, leb ɗaya, manhaja ɗaya, kwana ɗaya tsakani, ba ki haɗa wannan da naki ba? Ban haɗa ba. Wallahi ko a mafarki. A kaina shari'ar Abdulmalik an yanke, an buga hatimi, an rufe. Wannan kuwa aiki ne, kuma kafin in ajiye wayar na riga na san mai laifi.

Nazeer.

Nazeer abokin aikina ne, shi ya rubuta ɓangaren da ke tura sakamako zuwa firinta. Dogo ne, mai son hula kube da wani turare mai kaifi da ke riga shi hawa bene. Bai taɓa yi min komai ba. Amma tun ranar da ya fara aiki, in ya shigo sai in ji haƙorana sun haɗu.

"Ɓangarenka na ɗauko takardar wani ya ba wani," na ce masa.

"A tawa kwamfutar lafiya ƙalau yake, Hajiya Injiniya."

"To sai mu ɗauki taka kwamfutar mu kai musu leb, kai ma ka tare can."

"In akwai abincin rana ba matsala."

Kwana uku na yi a cikin kod ɗin Nazeer, wato umarnin da ya rubuta wa manhaja, ina bin sa layi-layi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na samo wurin da ya bar sarari biyu maimakon ɗaya, na yi masa jan layi. Na samo wani suna da ya raɗa wanda bai yi min daɗi ba, na rubuta masa wasiƙa a kai. Na sa Malama Zainab ta kashe firinta ta kunna har sau shida. Na sa aka canja waya. Na zargi netwok, wanda a ƙasar nan ko mijinki ne ya ƙi cin tuwo kina iya zarginsa ki yi daidai. Na ƙirƙiro mutane ashirin na bogi, na ba kowa sunansa da ranar haihuwarsa, na tura su cikin manhaja, kowa ya fito da takardarsa tsaf. Matsalar ta ƙi nuna fuska. Kuma duk mai wannan sana'a ya sani, abin da ba ka iya sa shi ya sake lalacewa a gabanka ba, ba ka isa ka gyara shi ba.

A gida kuwa an shiga hidimar jaje mai kama da biki. Gwaggo ta kwana biyu tana yawo da hoton wani ɗan ƙawarta a waya, mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ya jingina da mota.

"Duba goshi, Jamila. Wannan ko ba a gwada ba AA ne."

"Gwaggo, a goshi ake gani?"

"Ke dai kin fiye musu. Ɗan asali ne, kakansa da kakanku tare suka yi Makka."

Abdulmalik bai sake rubuto komai ba. Nakan buɗe shafinsa in kalli "To" ɗin nan, in rufe, in ƙara jin haushinsa don bai roƙe ni ba.

Ranar Alhamis da safe ina zaune na dafe kai, sai Nazeer ya fita baranda ya dawo da butar alwala, koriya mai fasasshen murfi, ya dire ta a kan teburina.

Al'adar ofishinmu ce. Duk wanda matsala ta kayar, sai ya yi wa buta bayani da baki, daga farko har ƙarshe. Hikimar ita ce buta ba ta san komai ba, don haka ba ka da damar cewa "wannan ai an sani" ka tsallake.

"Ba na buƙata," na ce.

"Ita ma ba ta buƙatar ki, amma ga ta ta zo. Sai dai ki fara mata daga inda mutum ya shigo ƙofar leb. Kada ki fara daga inda kike zargina."

Na harare shi. Na juya na harari buta. Sannan na fara, da murya ƙasa-ƙasa don kunya.

"Mutum ya shigo. Malama Zainab ta rubuta sunansa da ranar haihuwarsa. Manhaja ta duba ko ya taɓa zuwa. In ta ga mai wannan suna da wannan ranar haihuwa, to shi ne, ba sai an buɗe sabon fayil ba. Sai ta ɗora sabon sakamako a kan..."

Na tsaya.

Buta na kallona.

Na buɗe wurin. Layi huɗu ne kacal. Manhajarmu tana ajiye sunan duk wanda ya taɓa kowane layi da ranar da ya taɓa. Na danna. Jamila, wata takwas da suka wuce. Na ma tuna ranar. Oga ya yi ƙorafin ana buɗe wa mutum ɗaya fayil uku, ni kuma na ce wannan ai sauƙi, suna da ranar haihuwa ba za su taɓa haɗuwa a mutum biyu ba. Har tafa min aka yi.

Na kira leb. "Malama Zainab, in mutum ya zo bai san ranar haihuwarsa ba, me kike sawa?"

Ta yi dariya. "Ɗaya ga watan ɗaya mana, Injiniya. In na tambayi tsoho ya ce min shekarar da aka yi farin dango, ina zan samo rana? Abin naku kuma ba ya wucewa sai an cike gurbin. Wasu ma da ita suke zuwa a katinsu, wadda aka rubuta musu a takardar rantsuwar shekaru."

Na sa kwamfuta ta ƙirgo min. Cikin mutum dubu huɗu da 'yan kai da suka taɓa zuwa leb ɗin, sama da ɗari tara ranar ɗaya ga Janairu aka haife su. A garin da in ka tsaya a bakin masallaci ka kira suna ɗaya mutum bakwai za su waiwayo. Mutanena ashirin na bogi kuwa, duk ranakun haihuwa masu kyau na ba su, irin nawa da na ƙawayena, 'ya'yan asibiti masu takarda tun ranar suna. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba cewa akwai wanda ba haka aka haife shi ba.

A nan ne wani abu ya faɗo min a rai. Ranar sabuwar shekarar da ta wuce na aika wa Abdulmalik kek har makaranta. Ya kira ni yana dariya, ya ce ya gode, amma innarsa ta ce da damina ta haife shi, ana tsaka da noman gero. Hedimastan firamare ne ya ba duk 'yan ajinsu rana ɗaya.

"Malama Zainab," na ce, "don Allah duba min littafin ɗibar jini na hannu. Alhamis da ta wuce. Abdulmalik Lawal."

Na ji tana buɗe shafi. "Su biyu ne ai. Ɗaya tara da minti goma, ɗaya sha biyu saura. Na tuna, na biyun wani ɗan gajere ne mai gyaran babur."

Na shiga kundin da manhaja ke rubuta duk motsinta. Ga su nan. Na tara da minti goma, AA. Na sha biyu saura, AS. Na biyun ya hau kan na farkon ya danne shi, kamar yadda na umarta da hannuna.

Na ɗauko waya na koma saƙonnin ranar. Ƙarfe tara da minti goma sha huɗu ya turo min hoton hannunsa da auduga a manne. Ya rubuta, "An sha jinina saboda ke."

Ban yi kuka ba. Na tashi na je na faɗa wa Oga komai a tsaye. Muka zauna mu uku, ni da shi da Nazeer, muka tace, mutum goma sha ɗaya abin ya shafa, uku daga ciki gwajin aure. Kafin azahar an cire layukan nan huɗu, leb ta fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya su dawo a sake musu. Oga bai yi min faɗa ba, ya dai riƙa kallona kamar wanda ya ga akuyarsa a cikin masallaci.

Nazeer kuwa da ya yi min dariya da na samu sauƙi. Sai kawai ya ɗauki buta zai mayar baranda. Da ya gifta ta gabana turaren nan ya buge ni, sai na ga wani malaminmu na aji biyu a jami'a tsaye a gaban allo, yana cewa mata sun zo cike kujeru ne kafin su sami miji. Turarensu ɗaya. Shekara guda ina ƙin bawan Allah a kan kwalbar turare.

"Nazeer, ka yi haƙuri."

"Ba komai, Hajiya Injiniya. Sararin nan biyu ma na gyara."

Na wuce leb, Malama Zainab ta bugo sabuwar takarda, mai leb ya sa hannu ya buga hatimi, na biya na karɓa. A adaidaita sahu na riƙe ta a ƙirji, ina ta tsara yadda Gwaggo za ta haɗiye maganarta. Har na ji tausayinta kaɗan. Kun ji wauta.

Bayan la'asar na tarar da Baffa a soron tsakiya a kan darduma, da rediyo da kofin fura a gefe. Gwaggo na kan kujera 'yar tsuguno tana ɓare gyaɗa. Na durƙusa na gaishe su, na aika aka kira Umma. Na yi bayani tiryan-tiryan, yadda na yi wa buta. Na miƙa takarda.

Baffa ya sa tabarau. Wannan karon ya daɗe. Ya karanta sama, ya karanta ƙasa, ya juya bayanta, ya ɗaga ta saitin hasken ƙofa kamar mai duba jabun kuɗi. Takardar farko ko daƙiƙa goma ba ta samu ba.

"Wa ya buga wannan?"

"Na'urar leb, Baffa."

"Wa ya haɗa na'urar?"

"Ni ce."

"Kuma yau kika shiga cikinta kika taɓa."

"Gyara na yi, Baffa."

"To ai shi na ce." Ya ninke takardar gida huɗu ya ajiye kusa da fura. "Kin gyara."

Gwaggo ta watsar da ɓawon gyaɗa. "La'ilaha illallahu! Yarinya ta shiga kwamfuta ta canja wa saurayi jini! Wannan wace irin masifar so ce? Ni dama na ce danne-dannen nan ba zai ƙare lafiya ba."

Jama'a, na ji wani abu ya taso min tun daga tafin ƙafa.

"Baffa, ka gafarce ni. Takardar farko ma daga na'urar da na haɗa ta fito. Ba wanda ya ɗaga ta a rana. Ba wanda ya tambayi wa ya buga."

"Waccan ba ki san da ita ba. Wannan kuwa kina so."

"Waccan kuma ku kuke so."

Mai rediyo na ta sanarwar ɗaurin aure. Ban taɓa mayar wa Baffa magana ba tun da aka haife ni. Ya cire tabarau ya dube ni, ni kuma na sunkuyar da kai, amma ban janye ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. In da wata ce ta kawo min wannan labari, ni ma sai na ɗaga takardar a rana.

Umma ce ta yi magana daga bakin ƙofa, ita da ba ta ɗaga murya a gaban Baffa.

"Yaya, ni na binne ɗa a kan wannan abu. In Jamila za ta yi ƙarya a kan komai, ba za ta yi a kan wannan ba. Amma kada a yarda da ita. Jinin ai yana jikin yaron, bai ƙare ba. Ka zaɓi asibitin da kake so, ka tafi da shi da ƙafarka, a ɗiba a gabanka, a miƙo maka a hannu."

Gwaggo ta buɗe baki. Umma ta ce, "'Yardada, ci gyaɗarki."

Baffa ya kurɓi fura, ya goge gemu. Ya duba hagu ya duba dama, bai ga ƙofar fita ba.

"Asabar, ƙarfe goma na safe. Ya same ni a nan. In ya fito AA, na ba shi, a sa rana. In goma ta gota ban gan shi ba, kada a sake kawo min sunansa gidan nan."

Na tashi har ina tuntuɓe da dokin ƙofa. A ɗaki na cire mayafi na jefar a gado, na kira shi. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake, haka. Sai na zauna na rubuta. Na faɗa masa layi huɗun, da mai gyaran babur, da hedimastansu. Na tura hoton sabuwar takarda. Na faɗa masa sharaɗin Baffa. A ƙarshe na rubuta, "Ka yafe min, kuskuren manhaja ne." Na kalli jimlar, na goge, na rubuta, "Kuskurena ne."

Alamar ya karanta ta fito nan take. Na ji ana kiran yara su kawo ruwa a tsakar gida, na ji Umma na kankare tukunya. Minti ashirin ina riƙe da waya kamar mai riƙe da garwashi.

Sannan saƙo ya shigo.

"Wa alaikumus salam, Jamila. Na ji daɗi da kika gano, saboda sauran mutanen. Asabar zan zo tun tara da rabi, in sha Allahu. Zan miƙa hannu a ɗiba a gaban Baffa, don tun Lahadi mahaifina bai fita masallacin unguwa ba, an ce ɗansa ya yi ƙarya don ya auri 'yar birni. Wannan nake so in wanke."

Na fara rubuta alhamdulillahi, sai ga na biyu.

"Layi huɗun ba su dame ni ba, kowa na kuskure a aiki. Amma 'irin ku' ba na'ura ce ta rubuta ba. In sakamako ya fito, ki roƙi Baffa kada ya yi saurin cewa ya ba ni. Ni ne yanzu ban gama shawara ba."

Na karanta sau uku. Na nemi inda zan ja masa jan layi, ban samu ba.

Umma ta ɗaga labule, hannunta duk kumfar sabulu, fuskarta da wani haske da na daɗe ban gani ba.

"Kin same shi? Zai zo?"

"Zai zo, Umma."

"To alhamdulillahi! Bari in aika a sayo alkama, ai sai a fara shirin alkaki."

Ta saki labulen ta tafi tana ƙwala wa Gwaggo kira.